Na Shanya Bakin Baba a Rana

Shekarar da Baba ya faɗi daga kan babur a hanyar Ɗan Isa, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Ciwon ya warke, amma karatu bai dawo daidai ba. Shi ne limamin masallacin unguwarmu tun ina goye, ga shi yanzu in ya zo kan wasu haruffa sai iska ta riƙa fita kamar fito. Ba wanda ya yi masa magana. Shi da kansa ya ja baya, ya ce na'ibinsa ya riƙa jan salla kafin a yi masa haƙoran roba.

Ni kuwa wannan na'ibi ban taɓa yarda da shi ba. Ya cika gaisuwa, ya cika durƙuso, kuma tun da ya fara shiga gaba na lura ya yi sabon rawani. Kowa cewa yake mutumin kirki ne. To ni dai haka Allah ya yi ni, in mutum ya cika kirki sai na nemi dalili. Tsorona ɗaya ne, kada riƙon ƙwaryar nan ya zarce, Baba ya rasa limancinsa.

Akwai likitan haƙori da ke zuwa wani asibiti a Ƙaura daga Gusau sau ɗaya a wata, ni na raka Baba wurinsa. Muna shiga gabana ya faɗi, don ma'aikaciyar da ke taya shi aiki ƙanwar na'ibin ce. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu. Irin gaisuwar gidansu ke nan.

Likitan ya ɗebo wani gari mai laushi, ya dama da ruwa ya yi kauri, ya cika wani abu mai kama da cokali mai faɗi, ya danna a bakin Baba. Da na tambaye shi mene ne, sai ya ce daga ciyawar teku ake samo shi, dangin gansakukar da muke gani a tafki. Wai akwai wani sinadari a jikinta da ke riƙe ruwa ya daskare kamar roba, shi ya sa ake sa shi a maganin ƙwannafi da audugar ɗaure gyambo. Ya ci gaba da bayani, amma ni hankalina ba ya wurinsa, yana kan hannun matar nan.

Da aka zaro abin, na ji tsigar jikina ta tashi. Ga bakin Baba nan sak, dasashi da giɓi da kowane haƙori, har wanda ya karkace a gefen hagu. Mu da aka raine mu da share sawunmu a ƙofar gida don kada wani ya ɗebi ƙasar ya kai wa boka, yau ga siffar bakin liman ɗungurungum a hannun ƙanwar mai son kujerarsa. Ta naɗe shi da jiƙaƙƙiyar auduga, ta sa a leda, ta ajiye a kan tebur tare da na sauran mutane. Da ta juya kiran mai bi mana, na zura hannu na jefa shi cikin hijabina.

Ba ɓata aikin na yi niyya ba. Nufina in kai wa likitan da kaina har Gusau, hannu da hannu. Da na isa gida na ga abin sharkaf da ruwa, na ce lallai so take ya ruɓe. Na warware audugar, na ɗora shi a kan faifai a rana kusa da kuɓewar Inna, don a saninmu duk abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi.

Kwana uku na ɗauka kafin in samu zuwa Gusau. Kafin nan ya ƙanƙance, ya tsage, ya koma kamar bakin yaro. Likitan ya juya shi a hannu, bai yi dariya ba. Ya ce ai ruwan da na kore shi ne ke riƙe da siffar, kuma a ranar ya kamata a zuba masa farar ƙasa ta musamman a fitar da samfuri, ya ma faɗa a gabana. Sannan ya ce ya yi wa ma'aikaciyar faɗa kaca-kaca a gaban marasa lafiya, don ya ɗauka ita ta yi sakaci. Har a lokacin, wallahi, a raina cewa nake ko ba ta yi wannan ba da ta yi wani.

Kafin in dawo, zance ya riga ni gida. Wata da ke layi ta ga hannuna a ranar, ta kasa riƙewa. Na tarar da Baba a zaure, ya ce in zauna.

“Mi kig gani ga yarinyar ga?”

Na ce ban ga komai ba, tsoro na ji.

“Ɗan'uwanta yaz zo nan da sahe. Ba ƙara yak kawo ba. Cewa yay yi in dai zarginai mukai, shi ya bar jan salla daga yau.” Sannan ya ce, “Shekara nawa ina ce ma mutane su kyautata zato, ashe ban ce ma gidana ba. Da wane baki za ni tsaya gabansu?”

Na yi kuka, na ce laifina ne, zan je in ba su haƙuri. Na je kuwa, suka karɓe ni da fara'ar da ta fi mari zafi. Amma ranar Juma'a bayan La'asar Baba ya tara dattawa ya miƙa wa na'ibin limancin gaba ɗaya.

Wata biyu bayan nan aka sake ɗaukar siffar bakin, matar nan ce ma ta dama garin. Haƙoran suka zauna daram, karatunsa ya dawo tsaf, babu harafin da ke kuɓuce masa. Mu kaɗai muke jin sa, da hantsi, a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. In an kira salla sai ya rufe Alƙur'ani, ya tafi ya tsaya a sahun farko.