Turaren Baba Belgasim

Shekara talatin Baba Belgasim yana aski a birnin Kairawan, bai taɓa sallamar mutum bai shafa masa turaren ruwa a ƙeya ba. Jarka guda yake saye wurin masu haɗawa a gida, ya riƙa ɗura wa maƙwabta a kwalba, don a zuba wa baƙi a hannu.

Bana sai samari suka yi masa caa. Kowa ya zo sai ya ce, "Baba, Umma ce ta aiko ni, baƙi za mu yi."

Har daɗi yake ji, sai ranar da wani direba da yake yi wa aski ya ce, "Haba tsoho, waɗanne baƙi? Sirka shi suke da ruwa su sha, tunda ba a sayar musu da giya. A garinmu ya makantar da yara uku."

Nan take Baba ya tuna. Jiya jikansa Anis, ɗan shekara sha shida, ya karɓi kwalba biyu.

Ya bar direban da kumfa a fuska, ya ruga gida. Ya tarar da Anis zaune a tsakar gida, rana tsaka, yana murza ido.

"Kaka, kai ne? Wai har magariba ta yi?"