Kawu Tsaf-Tsaf da Motar da Ke Rawar Sanyi

Kawuna ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sana'ar wanki da guga, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani tabo irinsa ba. Yana gaisawa da kai, idonsa na kan wuyan rigarka. In ya hango zare ya leƙo, sai ya miƙo hannu ya tsinke, hirar kuma ba ta tsaya ba. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Tsaf-Tsaf. Ko matarsa, Inna, da sunan take kiransa in ya ba ta haushi.

Da ya ajiye dutsen guga ya bar wa babban ɗansa shagon, sai ya sayi wata farar mota ta hannu. Da furfurarsa ya koyi tuƙi, don kawai ya riƙa kai kansa wurin yayarsa da ke jinya a wani gari ba tare da ya roƙi kowa ba. Motar kuwa ta haɗu da gamonta. Kullum da safe sai ta sha wanka, da soso, da tsumma, da tsohon buroshin haƙori na shiga lungu. Inna ta ce ita ko tana amarya ba ta ga wannan gata ba.

Aibin motar ɗaya ne. A cikin gari lafiya lau take tafiya. Amma da an hau babban titi, allura ta haura tamanin, sai sitiyari ya kama rawa, madubi ya ɗauka, kujeru su amsa. Inna ta taɓa bin sa sau ɗaya, ta dawo tana cewa har yanzu haƙoranta ba su koma mazauninsu ba.

Bakanike ya canja kayan ƙafa, rawa na nan. Ya ƙara ɗaure injin, rawa na nan. Daga ƙarshe ya tura shi wurin mai taya, wanda ya ɗora tayoyin kan na'urar da ke juya su, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, ya ce an gama. Ranar motar ta yi tafiya kamar an shafa mata mai. Ba a rufa mako ba ta koma gidan jiya. Kawu ya ce mai tayar macuci ne, ya nemi wani. Shi ma haka. Da yake Kawu ba ya komawa inda aka ɓata masa rai, babu mai tayar da ya ga motar sau biyu.

Nan ne babban ɗansa ya yi maganar da ta yi zafi. Shi a cikin gari kawai ya gwada motar, bai ji komai ba.

"Baba, anya motar ce? Ni fa ina ganin hannunka ne. Ka ba ni makullin, in za ka je wurin Gwaggo na kai ka."

Kawu ya zura hannayensa cikin aljihu, abin da ba ya yi don kada riga ta yamutse. Ni da na tashi a gidansa, abin ya tsaya min a rai. Na san ɗan nasa da shago, ba ya iya barinsa. In makullin ya fita daga hannun Kawu, Gwaggo za ta daɗe tana kallon ƙofa.

Na ce a ba ni dama. Da yamma na kai motar wurin wani mai taya da kaina, na ce wa Kawu gobe mu hau babban titi tare. Na yi sammako na zo, sai na tarar da shi tsugune gaban taya, da sukuddireba a hannu, yana ɓamɓarar wani abu daga bakin wili.

"Kawu, me kake cirewa?"

"Ƙazantar mutanen nan mana. Duk wanda ya taɓa min taya sai ya maƙala min wannan baƙin ƙarfen. Ai ba kyan gani."

Ya jefa shi cikin wani gwangwanin madara da ya kusa cika. Guntayen dalma ne, waɗanda masu taya ke maƙalawa don nauyin taya ya daidaita kada ta yi rawa in ana gudu. Duk ya wanke su tas kafin ya adana. Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye, shi kuwa yana faɗa min in tashi kada in ɓata zanena.

Muka koma aka mayar da dalmar, Kawu na kau da kai kamar ana yi wa ɗansa allura. Sannan muka kama hanya. Tamanin, casa'in, motar ko gezau. Madubi ya tsaya cak. Na juyo zan yi masa murna, sai idona ya sauka kan sitiyari. Sitiyarin ba ya motsi, amma hannun Kawu na dama yana 'yar karkarwa, a hankali, ba ta tsayawa. Ya ga na gani. Ya sassauta totur, muka ƙarasa zuciyata duk ta karye.

A ƙofar gidan Gwaggo ya kashe mota, ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ashe rawar motar ce ke rufa min asiri," in ji shi.

Ya zare makullin, ya ciro hankici ya goge shi ciki da waje, ya miƙo min.

"Komawa ke za ki ja mu, 'yar nan. Mako mai zuwa ma ke za ki kawo ni. Amma ki kakkaɓe takalminki kafin ki taka min totur."