Ruwan da Na Toshe a Khaibar

'Yan uwa na gida, kun sha tambayata labarin aikin lambun da nake yi a Madina. Ga labarin tafiyata Khaibar. Zan faɗe shi yadda ya faru, ko da yake ba zai yi mini kyau ba.

Daga Ƙuba

Mun tashi daga Ƙuba, unguwarmu a Madina, ƙarfe biyar saura kwata, kafin kiran asuba, sanyi na cizon yatsu. Mu uku ne a a-kori-kurar kamfani: ni, da Haruna direba, Bahaushen Sudan, da Baba Ilu, shugaban aikinmu. Baba mutumin Maraɗi ne, shekararsa ashirin da biyu a Madina, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki. Burinsa ɗaya ne, kowa ya sani: ya mutu a nan, a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. A bayan mota mun loda shebur, da almakashin datse rassa, da injin zuƙo ruwa.

Kamfaninmu ne ke kula da lambun wani masaukin baƙi a gefen Khaibar, mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da zaitun da lemun tsami. Kwana tara kafin wannan tafiya Baba ya aike ni can ni kaɗai. Ina cikin aiki hadari ya haɗu, sai injiniyan da ke kanmu, wanda muke kira Muhandis, ya bugo mini waya ya ce, "Sakkir almoya," wato rufe ruwa. Na ce na gane, don kada a ce shekara biyu ban iya Larabci ba. Shi nufinsa in kashe injin ban ruwa, mai ɗiga wa shuka ruwa ta tiyo kullum safe. Ni kuwa ɗan manomin Daura ne, a wurinmu ba a barin ruwan sama ya gudu. Na cika buhuna shida da yashi na toshe magudanar da ke ƙarƙashin katanga, na ɗaga ƙasa kewaye da kowace bishiya, na bar injin yana aiki, na dawo Madina ina jin na yi abin kirki. Aka kwana uku ana ruwa. Sai da na ji Baba yana yi wa wani bayanin kalmar sannan na gane ɓarnar da na yi, amma ban faɗa wa kowa ba.

Kan hanya

Daga Madina zuwa Khaibar kusan kilomita ɗari da saba'in ne. Shida saura kwata muka tsaya sallar asuba a masallacin wani gidan mai. Muka sayi burodin tamis biyu da ful, wato dafaffen wake, da shayi uku, duka riyal goma sha ɗaya. Na kasa ci.

"Ya zol, azumi kake?" in ji Haruna, da irin kiran da 'yan Sudan ke yi wa mutum. "Ko ta gida ce ta daina ɗaukar waya?"

"Sanyi ne," na ce.

"To miƙo naka, ni sanyina ci yake sa ni."

Ƙarfe shida da rabi muka iso shinge. Ɗan sanda ya karɓi igamarmu, takardar izinin zama, ya duba ta Baba ya ce saura wata ɗaya ta ƙare. Baba ya yi murmushi ya ce kamfani zai sabunta, kamar kowace shekara. Daga nan sai baƙaƙen duwatsu dama da hagu, ruwa kwance a tsakaninsu. A wuri biyu ruwan kwari ya zubo tsakuwa kan titi, muka wuce a hankali.

Khaibar

Mun isa ƙarfe takwas da minti goma. Tun daga ƙofa wari ya tare mu, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Ciyawar ta nutse, ruwa har idon sawu. Ganyen lemun ya yi rawaya ya zube, zaitun biyu sun kwanta. Ga tiyo kuma yana ta ɗiga ruwa cikin ruwa.

Baba ya sauka daga mota. Ya je ya kashe injin, ya bi katanga har ya kai magudana, ya tsuguna ya dubi buhunan, sannan ya dube ni. Ya ce, "Sale, zo mu cire."

Muka yini muna aiki. Muka buɗe magudana, muka sa injin ya zuƙe ruwan da ya kwanta. Baba ya hana mu taka ciyawa, muka shimfiɗa katako muna bi ta kai, don jiƙaƙƙiyar ƙasa in aka taka ta takan dannu, saiwa ta rasa iska. Muka rushe ƙasar da na ɗaga, muka huhhuda ƙasa da ƙarfe, muka datse karyayyun rassa, muka tokare zaitun da sanda. Na ce ko a zuba taki su farfaɗo. Baba ya ce, "Marar lafiya ba a ɗura masa tuwo. Ga sanyi, ga saiwa a jiƙe, taki ƙona ta zai yi." Ya tona gindin lemo ɗaya ya zaro saiwa, ta fito baƙa, ta saɓule a hannunsa. Cikin lemo goma sha takwas, uku kawai ya ce ana sa ran za su rayu, a sa musu ido.

Ƙarfe uku Muhandis ya iso tare da mai masaukin, wanda ke ta faɗa yana cewa ya soke kwangila. Muhandis ya nuna buhunan ya tambayi wanda ya yi wannan. Ina tsaye da shebur a hannu. Allah ya ba ni baki, ya ba ni lokaci, na sunkuyar da kai. Sai Baba ya ce, "Ni ne mas'ul, shugaban aiki a nan, laifina ne." Muhandis ya ce masa kada ya sa rai da sabunta igama, ya shirya komawa ƙasarsa. Ya shiga mota ya tafi.

Mun kwana a ɗakin ma'aikata na masaukin, kyauta, kan katifa mai sanyi. Da safe muka ƙarasa kwashe laka.

Komawa

Ƙarfe goma muka kamo hanya. Haruna, mai surutu, ko rediyo bai kunna ba. Da muka wuce shinge na ce, "Baba, ni ne. Ban gane maganar ba, na yi ƙarya na ce na gane."

"Ɗaurin buhunka ai na san shi," in ji shi.

"Haruna zai yi mini tafinta. Yau zan je in faɗa wa Muhandis."

"Ka faɗa masa ya kore mu mu biyu? Ni ya riga ya furta a gaban mai gida, ba zai janye ba. 'Ya'yanka huɗu, nawa duk sun yi aure. Ban yarda ba."

"Baƙi'a fa, Baba?"

"Ƙasar da za ta ci mutum ba shi ke zaɓenta ba," ya ce. Ya ja rawani ya rufe baki.

Mun shiga Ƙuba ƙarfe sha biyu da rabi. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Haruna da bai kai labarin wurin abokan ɗakinmu ba. Ban je wurin Muhandis ba. Nakan ce wa kaina biyayya nake yi wa Baba, amma na san har da tsoro, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, sai abin ya ƙara mini nauyi. Takardar fitarsa ta fito jiya. Ya ce in raka shi Masallacin Annabi ranar Juma'a ya yi sallama, daga nan in taya shi ɗaure kaya. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.