Gilashin da ke Ƙarƙashin Baƙin Ƙyalle

A shekarar da aka zuba kwalta a titin gidan waya suka fara haɗuwa. Mai hoto ya riga ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a barandar wani tsohon shago, sai ga wani dogon mutum da jakar katako, ya yi sallama, ya tambaya ko ɗaya kusurwar tana da mai ita. Aka ce babu. Ya buɗe jakar, ya jera tabarau sahu-sahu, ya soke allura da zare a wuyan rigarsa, ya zauna. Kafin mako ya zagayo mai hoto ya laƙaba masa Dakta don tsokana, sunan kuwa ya bi shi.

Shi mai hoton Shaho ake ce masa, kuma ba a banza ba. Daga barandar nan yakan karanta lambar motar da ke can bakin gada, 'yan dako su ruga su duba, su dawo suna riƙe da baki. Da wannan suna ya ci abinci, da shi ya yi aure, da shi ya biya wa 'ya'yansa makaranta. In mutum zai yi hoton fasfo ko na neman aiki, sai a ce masa ya je wurin Shaho, idonsa ba ya kuskure.

Ga wanda bai tarar da irin waɗannan akwatuna ba, aikin haka yake. A goshin akwatin akwai gilashi mai tudu a tsakiya, siriri a gefe. Hasken da ya taso daga jikin mutum, in ya ratsa shi, sai ya karkata ya je ya haɗu can baya. Na kai ya gangara ƙasa, na ƙirji ya hau sama. Shi ya sa a jikin gilashin baya, mai dishi-dishi, mutum yake fitowa a kife. Tsakanin gilasan biyu akwai fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Mai hoto zai lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya riƙa matsar da gilashin gaba a hankali, har gashin ido ya fito ɗaya-ɗaya. Wurin da ake nema ɗin bai fi kaurin farce ba. Ka wuce shi ko ka gaza, fuska ta zama hazo.

"Dakta," in ji Shaho in ciniki ya yi sanyi, "yau makafi nawa ka warkar?"

"Ina jiranka ne, kai ne babban majinyacina."

"Za ka daɗe. Ni da tabarau sai dai in gan shi a fuskar wani."

Haka suka yi ta yi har furfura ta fara leƙo musu.

Abin ya zo wa Shaho a sace. Nesa tana nan garau, amma kusa ta fara gudunsa. In zai duba hoton da ya wanke, sai ya miƙe hannu iya tsawonsa. A ƙarƙashin ƙyalle kuwa babu wurin ja da baya: gilashin na nan kusa da hanci, kuma gashin idon da yake nema ya daina fitowa. Sai ya koma kintace. Wata rana wani direba ya dawo masa da hotuna, ya ce an ƙi karɓa a ofis, wai fuskar ba ta fita ba. Shaho ya ɗora laifin a kan ruwan wankin hoto. Aka sake dawo da wasu, ya ce takardar ce ta kwana biyu. Matarsa ta ce masa, "Maigida, ga magani a gefenka, ba sai ka tsallaka titi ba ma." Ya ce ranar da aka ga Shaho da tabarau, ranar ya rufe akwati, domin sunan shi ne jarin.

'Yar Dakta ce ta kai ƙarshen maganar, ba tare da ta sani ba. Ta zo hoton jarrabawa, ya ɗauke ta, ta kai wa ubanta. Dakta ya daɗe yana duban hoton. Zanen labulen da ke bayanta ya fito zare-zare, ita kuwa kamar an hango ta ta cikin hayaƙi. Da rana ta yi tsaka mutane suka ragu, ya taso.

"Shekara da shekaru ina jin labarin duniyar nan taka ta kife. Bari in leƙa."

Ya shiga ƙarƙashin ƙyallen, ya auna wani abu da taƙinsa, ya fito yana dariya. "Ashe haka kake ganina kullum, kai a ƙasa. Shi ya sa ba ka ganin girmana."

Washegari ya zo da gilashi ƙwaya ɗaya, mai tudu, an ɗaure shi a zoben waya mai doguwar ƙafa. "Wannan ya rasa ɗan'uwansa, yana tare min wuri. Ajiye min shi a cikin ƙyallenka." Da kansa ya maƙala wayar a bayan akwatin, yadda gilashin zai tsaya tsakanin idon mai dubawa da hoton. Shaho ya lulluɓa. Ga gashin ido nan ɗaya-ɗaya, kamar dā. Ya jima a ciki fiye da yadda aikin yake bukata. Da ya fito, abin da ya ce kawai shi ne, "To, zan ajiye maka. Amma ba na karɓar kuɗin ajiya."

Ba wanda ya sani, har matar Shaho. Hotuna suka gyaru, suna ya tsaya. A gaban mutane Shaho ya ci gaba da tsokanarsa, Dakta ya ci gaba da cewa yana jira.

Daga baya aka buɗe wani sabon shagon tabarau a ƙarshen titin, mai ƙofar gilashi da na'urar awon ido. Ba laifinsu ba ne, aikinsu suka zo yi. Amma magana ta bazu cewa tabaran bakin titi cinye ido yake yi, wai wane ya saya ya makance. Ba wanda ya taɓa ganin wanen. Teloli da masu gyaran agogo da tsofaffin malamai, waɗanda dā suke zama su gwada zura zare a allura har su dace, suka riƙa wucewa suna kau da kai. Dakta ya riƙa goge gilasan da ba wanda ya taɓa. Wata safiya ya ce ɗansa ya matsa masa ya koma wurinsa ya huta, ƙarshen wata zai naɗe jaka.

"Hutu yana da daɗi," in ji Shaho.

Ranar da aka fara ɗaukar ma'aikata a kamfanin jirgin ƙasa, layin masu son hoto ya kai bakin titi. Shaho ya ɗauki mutum na farko, ya ce wa sauran su yi masa haƙuri kaɗan. Ya taka zuwa ɗaya kusurwar, ya zauna a kujerar masu saye.

"Dakta, miƙo allurar nan."

Dakta ya dube shi, ya dubi layin, ya rage murya. "Kai, mutane na kallo. Tashi."

"Na ce miƙo. Ko ka daina sayarwa ne?"

Ya gwada zura zaren da idonsa kawai, ya kasa, a gaban kowa. Ya gwada tabarau na farko, bai yi ba. Na biyu, zaren ya shige. Ya miƙe da shi a fuska, ya koma bakin aikinsa, ya ce, "Na gaba."

Kafin yamma labari ya kai tasha. Yaran titin suka sauya masa suna zuwa Ido Huɗu, 'yan dako suka daina kawo masa lambar mota, wasu masu hoton kuma suka koma wurin wani saurayi da ya buɗe a bayan kasuwa. Amma a makon nan wani tela da ya ga abin da idonsa ya tsallako, ya ce in har idon Shaho ya yarda da kayan Dakta, nasa idon ba shi da abin cewa. Bayansa mai gyaran agogo ya zo. Cinikin bai koma kamar dā ba, sai dai ya isa mutum ya fito da safe da dalili. Dakta bai naɗe jaka ba sai da ƙafa ta gaza masa, shekaru bayan haka.

Da matar Shaho ta gan shi ya shigo gida da tabarau a ranar farko, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ikon Allah. Ni na yi ta faɗa ka ƙi. Wa ya iya da kai yau?"

"Ba kowa," in ji shi, yana cire takalmi. "Yaran sun dawo daga makaranta?"