Abin da Na Yi wa Babur Ɗin Ɗana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan al'amari ya faro, ni mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, bakaniken babura mai ji da hannunsa. A Kaduna na tashi, na yi acaɓa tun ban gama mallakar hankalina ba, daga baya na koma gyara, har ta kai in babur ya wuce ta ƙofar garejinmu, daga kukansa kaɗai nake faɗin abin da ke damunsa. Wannan sana'a ce ta kawo ni Doha. Kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, yana da shagon gyaran baburan da ake hawa cikin rairayi, kuma bayan 'yan shekaru ya ɗora ni a kan sauran ma'aikata. Da hali ya samu na ɗauko matata da ɗanmu ɗaya tilo, muka zauna a unguwar Bin Omran. Yaron sunan mahaifina ya ci, don haka ba na kiran sunansa, Babana nake ce masa, shi kuma yana ce mini Abba. Ina roƙo a sakaya sunana, don kare yaron da mahaifiyarsa.

Yana ɗan shekara shida kafil ɗina ya ba shi wani ɗan ƙaramin babur da ya yi wa nasa ɗan kaɗan, ya kuma nuna mana wani fili a bayan gari inda yara ke tsere a lokacin sanyi. Ba a kan kwalta ake yi ba. Ƙasa ce aka tara tudu-tudu, ga kwana-kwana masu kaifi, yaro ya taho a guje ya hau tudu babur ya tashi da shi sama, ya dira ya ci gaba. Ana raba yaran ne bisa shekaru da girman inji, akwai masu inji hamsin, sai masu sittin da biyar, sai masu tamanin da biyar. Ranar tserensa na farko hular kwanon ta fi kansa girma, ya faɗi sau biyu ya tashi, ya ƙare kusan na ƙarshe. Da aka tashi sai ya fashe da kuka. Na zaci rashin nasara ce, ashe wai don an ce a sauka ne, shi bai gaji ba. Ina faɗin wannan ne don a san cewa da farko shi ke son abin nan da zuciya ɗaya. Ni ne na ɓata masa shi daga baya.

A sanyi na biyu ya ɗauki kofi. Akwai wani gidan abinci a Najma inda mu 'yan Arewa muke haɗuwa bayan sallar Juma'a, direbobi da masu gadi da sauransu, a nan na riƙa zagayawa da wayata ina nuna bidiyonsa. Mutane suka yi ta kabbara, wai ga ɗan Bahaushe yana barin 'ya'yan Larabawa da na Turawa a baya. Wannan magana ta shige ni fiye da yadda na sani. Duk shekarun da na yi a ƙasar nan, mai kawo gyara ba ya tambayar sunana, ya miƙo makulli ne kawai ya ce yalla, wato yi maza. Amma a filin tsere iyaye masu manyan motoci suna takowa har inda nake su ba ni hannu. Ban ankara ba na fara jin cewa mutuncina a kan wannan ɗan babur yake.

Yana shekara takwas ya koma sittin da biyar, mai giya da kuloci. Nan ma ya yi kyau, amma ni na riga na canza. Na fara tsayawa bakin shinge da waya ina auna masa lokaci. In ya ci, mu tsaya a hanya in saya masa duk abin da ya nuna. In bai ci ba, mu taho tun daga fili har gida ban ce masa uffan ba. Da can yakan yi ta surutu a mota yana kwaikwayon kukan inji da baki, sai ya daina. A shekara ta biyu ya karye a wuyan hannu. Mahaifiyarsa ta ce ya isa haka, ta ce ita ba ta ga abin da ake nema ba wanda ya kai lafiyar ɗanta. Na ce mata ba ta san harkar maza ba, ni ma duk jikina tabon babur ne kuma ga ni a raye. Ana cire masa filasta na mayar da shi. Ya fara yin amai duk safiyar ranar tsere, na ce shayi ne ba ya karɓarsa.

Da ya kai sha ɗaya na ce sai tamanin da biyar. Kocinsu, wani mutum mai sanyin hali da ya daɗe yana koyar da yara, ya ce in ba shi shekara guda, domin ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, kuma wannan babur ƙarfinsa a fizge yake zuwa. Na nace har ya gaji ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Ya sa wani ɗan ƙarfe da ke hana totur buɗewa gaba ɗaya, ya kuma ce kada yaron ya tsallake wasu tagwayen tudu da manyan yara ke haɗawa da tsalle ɗaya, ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya. Haka muka yi wannan sanyin yana ƙarewa a baya. A Najma ana tambayata ina sabon bidiyo, ina cewa waya ce ta lalace. Wata rana a hanyarmu ta dawowa na juya na ce masa ban san matsoraci na haifa ba. Ya juya yana kallon taga.

Ana gobe tseren ƙarshe na shekarar, da la'asar, na ɗora babur ɗin a kan benci a shago. Na cire ƙarfen da koci ya sa, na canza salansa, na gyara kafireto yadda injin zai sha mai sosai. Akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke aiki tare, da shi muke cin abincin rana a kwano ɗaya. Ya tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni ko yaron ya san da wannan aiki. Na ce in ya sani tsoro zai ji, tsoron nan a kansa yake kawai, in ya ga yana wuce mutane shi da kansa zai gode mini. Dattijon ya ce wanda zai hau ai shi ya kamata ya fara sani. Na ce masa ya je ya ji da aikin gabansa.

Washegari yaron ya yi zagayen gwaji ya dawo, ban tambaye shi komai ba, na dai buga masa hular kwano na ce yalla. Aka saki tuta. A zagaye na biyu yana na biyar, abin da bai taɓa yi ba a wannan rukuni. Na manne da shinge daidai tagwayen tudun nan, yana tahowa ina ɗaga hannu ina ihu ya tsallake. A zagaye na uku ya tsallake. Yana kan hawa tudun farko injin ya fizge, tayar gaba ta ɗaga sama, na ga ɗana a iska babur yana juyawa da shi. Ya dira da baya a kan gefen tudu na biyu, babur ɗin ya faɗo masa. Da na isa idonsa a buɗe yake, ba ya kuka. Cewa kawai yake yi a cire masa babur daga ƙafa, alhali tuni an ɗauke shi.

A asibiti likita ya zaunar da mu ya ce ƙashin baya ya karye ya taɓa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa sai abin da Allah ya yi. Matata ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Abin da na yi kashegari shi ne abin da ya fi komai hana ni kallon kaina. Kafin in tafi asibiti sai da na biya shago, na mayar da ƙarfen nan da tsohuwar salansa, na goge babur ɗin na rufe shi da tamfol. Kocin ya zo dubiya yana hawaye, ya riƙe hannuna yana neman gafara, wai laifinsa ne da ya bari aka ɗaga yaron zuwa babban babur kafin lokaci. Na tsaya na karɓi ban haƙurinsa, har da ce masa ƙaddara ce. Na ji daga baya ya daina koyar da yara. Dattijon nan kuwa bai taɓa tona ni ba, amma tun daga ranar ya koma cin abincinsa shi kaɗai.

Shekara biyu ke nan. Yaron yana keken guragu, mahaifiyarsa ce ke juya shi, ta yi masa wanka, ta shirya shi makaranta, bayanta har ya fara ciwo saboda ɗauka. Kwanakin baya na fita da shi Corniche da yamma ya sha iskar teku, ina tura shi yana kallon jiragen katako da ke ɗaure a bakin ruwa. Ba zato ya ce in yi haƙuri bai ƙarasa mini tseren nan ba, ya san na so ya ci. Na zagayo na durƙusa a gabansa, mutane suna wucewa, na faɗa masa duk abin da na yi, har da mayar da ƙarfen. Na jira ya yi ihu ko ya juya mini baya. Sai ya ce, "Abba, ai na sani. Tun zagayen gwaji, ina taɓa totur na ji ba shi ba ne." Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ya ga ina murna, kuma ba ya so in sake kiransa da sunan nan da na kira shi a mota. Sannan ya roƙe ni kada in gaya wa Ummansa, ya ce ba za ta iya ɗauka ba.

Har yau ban gaya mata ba, ban kuma je wurin kocin ba. Kullum ina cewa gobe. Ina zaune a gida ɗaya da matar da ke yi mini addu'a don tana ganin ina haƙuri da jarrabawa, da yaro ɗan shekara sha uku da ya ɗauki shekara biyu yana rufa mini asiri. Ya ce ya yafe mini, amma yafiyarsa ba ta sauƙaƙa mini komai ba, don na san ko a wannan ma ni yake lallashi. Ina tuba ga Allah a kowace salla, ban dai san ta inda zan fara gyara abin da ke tsakanina da mutanen nan uku ba.

Abin da na fahimta, bayan lokaci ya ƙure, shi ne ban taɓa tsayawa na tambayi yaron nan ko har yanzu yana so ba, saboda ina tsoron amsar. Iyaye 'yan'uwana, musamman mu da muke zaune a ƙasar wasu muna jin an raina mu, kada ku ɗora wa 'ya'yanku aikin ƙwato muku daraja, ko a wasa ne ko a karatu. In wanda ya san abu ya ce a jira, ku jira. In yaro ya yi shiru, kada ku ɗauka ya yarda ne. Ku kiyayi kalmar da za ku jefe shi da ita cikin fushi, domin yaro zai iya zaɓar ya karye a kan ya sake jin ta daga bakin ubansa. Nawa ya zaɓa, ina tsaye a bakin shinge ina masa ihu ya yi sauri. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa ɗana a addu'a.