Taya ta Biyar ta Goggo Leonila

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Allah ya yi wa goggona Leonila Villavicencio Arce rasuwa a shagon Nicanor mai faci, a mashigar garin San Ignacio. Tana zaune a kujerar roba da kofi a hannu, tana kallon yadda ake ɗaure wa motarta sababbin tayoyi. An ɗaure uku. Nicanor ya juyo ya tambaye ta ko ya ci gaba, ba ta amsa ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunta sittin da ɗaya.

Goggo, na gaji. Tun ranar ban huta ba, don haka abin da na tabbatar kawai zan rubuta.

Shekara ashirin da biyu kina hawa tsaunuka da a-kori-kurarki, ki kai wa makiyaya fulawa da iskar girki da magani, ki sauko da cukun awakinsu. Da guguwar bara ta cinye hanyar, ba ki daina ba. Kin sa an ɗaga motar inci uku don kada duwatsu su fasa mata ciki, sannan kika shiga neman tayoyin da za su dace da sabon tsayinta.

Ba ki yi gaggawa ba. Kin ce in wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya, ya turo ta waje da yawa, zai gajiyar da ƙafar motar. In ya shige ciki, tayar za ta goga jikin ƙarfe a kwana. Sai kika sayi guda ɗaya tak ta gwaji, mai inci talatin da uku, a kan wili mai ramin noti shida. Kika goga mata alli, kika sa Nicanor ya murɗa sitiyari har ƙarshe, kika shiga kwari kika fito, kika durƙusa kina neman inda allin ya shafu.

"Uwargida, ko mijin aure ba ki yi masa wannan binciken ba," in ji Nicanor.

"Ai shi ya sa ya bar ni a hanya," kika ce. "Murɗa hagu, malam, ka rage surutu."

Dokarki ɗaya ce: taya biyar ake saye, ba huɗu ba. Samarin da ke saka manyan tayoyi su bar ƙaramar safaya sun sha ba'arki. "Ƙafa uku ta doki, ɗaya ta akuya, gidan wa za ka je?" Kin sha faɗa mini cewa a wannan hanyar ƙaramar safaya tana iya lalata giyar mota, mutum ya tsaya inda ko waya ba ta kamawa.

Tayar gwajin nan ita ce za ta zama ta biyar. A ƙarshen Fabrairu kika sauko daga tsauni babu ita a bayan mota. Na tambaya, kika ce, "Tana wurin wanda ya fi ni buƙata. Kai Likita, ji da allurarka." Ni ba likita ba ne, karatun jinya na gama a Disamba, amma ke kika biya shi, kuma ban taɓa iya hana ki kirana haka ba.

A kwanakin addu'ar da muka yi miki, mutane uku sun zo da tayoyi a motocinsu, kowa ya ce ke kika ara masa tun da daɗewa, ba ki taɓa tambaya ba. Wani dattijo ya jingina tasa a bango yana kuka. Na auna su duka. Biyu ramin noti biyar gare su, ɗaya inci ashirin da tara ce. Babu wadda za ta yi. Nicanor ya ɗaure ta huɗun, ya ce sabuwa ba za ta iso ba sai ƙarshen wata.

Jiya Doña Chayo, ɗaya daga cikin matan tsauni, ta yi magana ta rediyon makiyaya. Mijinta Don Cástulo mai ciwon suga ne, ke kike kai masa allura. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka kashe kanka, amma kwalba ɗaya ta rage, ba za ta wuce Lahadi ba."

Ubangiji ya jiƙanki, Goggo, ya yafe miki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Ya ba 'yarki Maribel da mahaifina da duk gidajen tsauni haƙuri.

Ban san wanda ke da tayar ba. In kai ne, mai karanta wannan, ba wanda zai yi maka faɗa, ka ajiye ta a shagon Nicanor kafin Juma'a.

Ban san ko kin ji ciwo kafin ranar kika ɓoye mana ba.

Ban san iskar da kike rage wa tayoyi in kin shiga yashi ba, domin kullum da yatsa kike gwadawa.

Ban san ko zan iya kwanar da ke bayan rijiyar Don Cástulo ba, ban taɓa tuƙa ta ni kaɗai ba.

Allurar tana cikin firij. Asabar da safe zan hau, da biyar ko da huɗu. In da huɗu ne, ki yafe mini.