Esi Shida a Kan Tsakar Gidanmu

Gidanmu na Ƙofar Wambai ginin ƙasa ne, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Ko a tsakiyar bazara, in la'asar ta gabato, Inna, mahaifiyata, takan shimfiɗa tabarma jikin katangar yamma, kusa da randarta. Tunda ƙafa ta hana ta fita, nan ne duniyarta. Nan matan unguwa ke taras da ita, su sha ruwan randa, a yi hira har magariba.

Sai wani Alhaji ya sayi gidan da ke jikin katangar, ya rushe, ya tayar da bene mai shaguna da ofisoshi. Ban ce uffan ba, filinsa ne. Amma da aka zo kafa esi, na'urar sanyaya ɗaki, sai aka jera bayansu guda shida suna kallon tsakar gidanmu. Su sanyi a ciki, mu kuwa hucin kamar an buɗe mana bakin tanda. Ruwan randa ya koma ɗumi. Mata suka ɗauke ƙafa. Inna ta koma ɗaki, ta daina magana sai an tambaye ta, abinci ma sai da lallashi.

Yayana ya ce in yi haƙuri, mutumin babba ne. Na ce babba a gidansa! Na yafa mayafi na tafi wurin mai unguwa.

Ya ce, “'Yata, iska ce fa. Ta yaya za a yi shari'ar iska?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a unguwar nan wa ya taɓa juya indararonsa cikin gidan maƙwabci aka ƙyale shi? In ruwan rufinka bai halatta ya zubo mini ba, zafin ɗakinka ma haka.”

Ya sa ranar zama da Alhaji a zaurensa, bayan sallar asuba. Na ƙi. Na ce wallahi sai dai a gidanmu, bayan azahar, a kan tabarmar Inna. Ya kalle ni ya ce tun ina ƙarama bakina bai mutu ba, amma ya yarda.

Ranar aka yi musu iso, matan gida suka shige ɗaka. Na zaunar da mai unguwa da Alhaji daidai gurbin da Inna take zama, na miƙa musu ruwan randar da gangan. Mai unguwa ya kurɓa ya ajiye. Ba a jima ba shaddar Alhaji ta manne masa a baya, ya cire hula yana fifita da ita. Ni ko tausayi ban ji ba, daɗi ma na ji.

Alhaji ya ce, “Hajiya, abin bai kai haka ba. Zan sa wa Inna esi sabo a ɗakinta, in ja mata wuta daga janaretana. Shi ke nan?”

Gaskiya na ɗan yi sanyi, na fara tunanin karɓa. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

“Alhaji, shi nawan, bayansa wa zai kalla?”

Bayan ɗakinta tsakar gidan wata malamar asibiti ce, 'yar kudancin jiha, tana haya da 'ya'yanta uku. Kowa a wurin ya sani.

Inna ta ce, “Ba na so. Ni waje nake son zama. Ka ɗauke zafinka kawai.”

Mai unguwa ya share gumi ya ce a mayar da esin nan shida saman rufin bene, hucinsu ya tafi sama. Alhaji ya ja ƙafa, sai da na yi sati uku ina zuwa ƙofar shagonsa kullum da safe, in gaishe shi da ƙarfi a gaban kwastomominsa, in tambaye shi yaushe. Ya gaji ya kira masu gyara.

Bazara ɗaya Inna ta ƙara a duniya. A waje ta yi ta, ba a ɗaki ba.